Sandunan sitiyari da sifirin a gaban motar daji da aka ɗaga: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan maimaituwa a bakin masu motocin shiga daji da kanikawansu a Kaduna, musamman masu kai kaya da ma'aikata ƙauyukan Kauru, Kajuru, Kachiya da Lere, inda damina ke mayar da hanya laka da kwazazzabo. An faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Duk inda aka ce hagu ko dama, na direba ake nufi yana zaune a kujerarsa, a mota mai sitiyari a hagu irin tamu.

1. Wace irin mota ake magana a kanta?

Mota mai aksul ɗin gaba guda ɗaya, ƙarfe miƙaƙƙe daga taya zuwa taya. Su ne Land Cruiser 40, 60, 70, 80 da 105, tsohuwar Hilux irin LN106, Nissan Patrol Y60 da Y61, tsohuwar Land Rover, da ƙaramar Suzuki Samurai. Wasunsu sifirin mai ganye ne a gaba, wasu kwayil, wato sifirin mai naɗi. Land Cruiser 75 ganye ce, amma tun 1999 da 78 da 79 suka fito aka koma kwayil a gaba, kamar yadda 80 ta zo da shi tun 1990. Sabuwar Hilux ta 2005 zuwa yau ba ta cikin wannan lissafi, domin kowace tayar gabanta zaman kanta take yi, sai fa idan an cire gaban an dasa mata aksul guda.

2. Sandunan biyu ne a ƙarƙashi. Wacce ce wacce?

Idan ka juya sitiyari, bokis ɗin da ke ɗaure a jikin shasi yana juya wani gajeren hannu na ƙarfe da ke ƙarƙashinsa, wato hannun bokis. Daga shi sanda take tashi ta gangara zuwa wajen taya. Ita ce diraglin. Ɗaya sandar kuwa, wadda ta haɗa tayar hagu da ta dama don su juya tare, ita ce tayarod. Kowacce tana ƙarewa ne a kan hannun nokul, ƙarfen da aka ɗaure a jikin gidan da taya ke juyawa a kansa.

Abin riƙewa a nan: tayarod duk kawunanta biyu a kan aksul suke, don haka tare take hawa da sauka da shi. Diraglin kuwa kai ɗaya a shasi, ɗaya a aksul. Ita ce ke shan wahalar duk wani ɗagi da aka yi wa mota, kuma yawancin matsalolin da ke ƙasa daga gare ta suke tasowa.

3. Da can babu komai. Me ya sa da aka ɗaga motar sanda ta fara gugar sifirin?

A Land Cruiser mai ganye da Samurai, kamfani ya ratayo sifirin ne a ƙarƙashin aksul, sandunan sitiyari kuma suna wucewa ta samansa hankali kwance. Mai son tsawo da yawa yakan mayar da sifirin saman aksul, abin da ke ɗaga mota wajen inci biyar zuwa shida a tashi ɗaya. To yanzu sifirin ya hau inda sandunan suke bi. Tayarod ta koma ƙarƙashinsa, hannun bokis yana can sama, diraglin kuma dole ta taso daga sama ta sauko ƙasa, kuma sifirin dama yana tsaye a kan hanyarta. A tsaye a gareji wataƙila ta wuce da ƙyar. Da tayar dama ta hau tudu, sai su haɗu.

Ko ba a juya sifirin ba, dogon shakul (ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin a shasi) da sifirin mai baka sosai suna ƙara wa diraglin gangara, su kusanta ta da abubuwan da da can ba ta taɓawa. Alamar farko yawanci wuri ne mai ƙyalli a jikin sanda ko a saman babban ganye, inda tsatsa da laka suka goge.

4. Mai walda ya ce zai gasa sandar ya lanƙwasa ta, ta zagaye sifirin. In yarda?

Kada ka yarda, Alhaji, ko da kyauta zai yi maka. Na san wannan ita ce dabarar da ta fi sauri, kuma mota tana fita gareji ba ta gugar komai, shi ya sa take da farin jini. Amma diraglin aikinta turi da ja. Miƙaƙƙiyar sanda tana ɗaukar turi a tsawonta gaba ɗaya. Da zarar an yi mata gwiwa biyu, duk ƙarfin sai ya taru a gwiwoyin yana neman naɗe su, kuma wutar da aka gasa ta da ita ta riga ta sauya taurin ƙarfen a daidai wurin. Kowane rami yana ɗan buɗe gwiwar ya rufe, har ranar da za ta tsage. Idan birki ya ƙi, akwai giya da birkin hannu. Idan diraglin ta karye, sitiyari yana juyawa ne a banza a hannunka, babu wani abu na biyu da zai karɓe ka.

Sannan lanƙwasar ba ta gyara komai a lissafi ba. Abin da mota ta sani shi ne layin da ke tsakanin kai da kai, kuma wannan layin yana nan da gangararsa ko sandar ta yi kwana nawa a tsakani. Fizgar sitiyarin da aka yi bayani a tambaya ta 9 tana nan daram.

Wani zai ce ai wasu sandunan kamfani ma suna da ɗan lanƙwasa. Gaskiya ne, amma kaɗan ce, an lissafa ta, an kuma yi kaurin sandar daidai da ita. Haka hukuncin yake ga hannun bokis da hannun nokul: ba a gasa su, ba a yanke su a haɗa da walda.

5. To mene ne gyaran da ya dace idan sifirin yana saman aksul?

A ɗaga sandunan biyu su koma saman sifirin, suna miƙe. Ana yin haka ne da sauya hannuwan nokul na kamfani da wasu masu kauri da tudu, waɗanda ake ɗaurawa a saman nokul, su fito da ramukansu sama da babban ganye. Hannun dama yana da rami biyu, ɗaya na diraglin ɗaya na tayarod, na hagu kuma rami ɗaya. Riba uku ake samu: sanduna sun rabu da sifirin, diraglin ta kusa kwanciya, tayarod kuma ta tashi daga inda kututture da dutse ke dukanta. Duk wanda ya taɓa bin gona bayan an sare itatuwa ya san yawan tayarod da kututture ke lanƙwasawa.

A Land Cruiser 40 da 60 da tsohuwar Hilux abin yana yiwuwa cikin sauƙi, saboda hannun kamfani dama a saman nokul yake. Amma a lura, wannan hannun shi ne kuma yake riƙe da boris ɗin saman nokul, kuma a ƙarƙashinsa akwai siraran shim, wato ƴan fallayen ƙarfe, da ke saita matsin boris ɗin. Yaran gareji sukan watsar da su wajen kwancewa. A ajiye na kowane gefe daban, a mayar, a sake gwada matsin bayan an ɗaura sabon hannu. A Land Cruiser 80 hannun a ƙasan nokul yake, murfin sama kuma ba a yi shi don ɗaukar sitiyari ba, don haka maganarta daban ce, tana tambaya ta 10.

Sabon wurin ma yana da nasa maƙwabta. Sandar da ta hau sama ta kusanci shasi, da kaskon baƙin mai na ƙasan inji, da hannun bokis. Sau da yawa sai an sa hannun bokis mai ƙarancin saukowa, ko a ƙara tsawon robar da ke tsayar da aksul, kafin komai ya wuce lafiya.

6. Tsohuwar Hilux ɗina diraglin ɗinta gajeriya ce, gaba da baya take tafiya. Ita fa?

Wannan tsarin kamfani ne. Bokis yana tura gajeriyar sanda a tsawon mota zuwa wani lanƙwasasshen hannu a nokul ɗin gefen direba. A tsawon kamfani yana aiki lafiya. Idan aka ɗaga motar, gajartar sandar tana sa gangararta ta yi tsanani nan da nan, mota ta riƙa jan gefe idan an taka birki, lanƙwasasshen hannun kuma yana shan nauyin da ya fi ƙarfinsa, musamman da manyan tayoyi.

Ɗagi kaɗan, kamar inci biyu, ana iya zama da shi. Fiye da haka, gyaran da aka saba shi ne a ɗauko bokis na Hilux ko 4Runner mai gaban da tayoyi ke zaman kansu, a ɗaura shi can gaba a shasi, diraglin ta ratsa faɗin mota zuwa nokul ɗin dama. Doguwar sanda ke nan, gangara kaɗan. Sai dai wurin ɗaure bokis ɗin yana buƙatar faranti ciki da waje da bututu a cikin ramukan, kamar yadda ke tambaya ta 14.

7. Tazara nawa ya kamata a bari, kuma yaya ake gwadawa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin a nan aiki yake lalacewa ko ya yi kyau. Tazarar da ka gani mota na tsaye ba ta gaya maka komai. Abin nema shi ne tazara a wuri mafi muni, kuma ni ba na sakin mota idan bai kai kaurin yatsa ba, wato milimita 12 zuwa 15, saboda bushin yana matsewa, sifirin yana murɗewa, abin da ya wuce da ƙyar a gareji zai taɓa a hanya.

Ga yadda ake yi. A ɗora shasi a kan turaku masu ƙarfi, ba jak kaɗai ba, a bar aksul yana lilo. Idan kwayil ne a cire shi. Idan ganye ne a warware shi a bar babban ganye ɗaya, don jak ya iya matse shi har ƙarshe. Sannan a gwada hali huɗu: aksul duka a sama har ya taɓa robar tsayawa, duka a ƙasa har shokozoba ta ƙare, dama sama hagu ƙasa, hagu sama dama ƙasa. A kowane hali a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe, mutum ɗaya yana kwance yana kallo da tocila. Ɗan curin sabulu ko danƙo a saman ganye zai nuna ainihin tazarar da ta rage.

Kowane hali da abin da yake tonawa. Idan aksul ya sauka, bakan sifirin yana ƙaruwa, ganyen da ke gaban aksul ya taso ya nufi tayarod. Idan dama ta hau, diraglin tana kwantowa kan sifirin dama. Idan hagu ta hau, sifirin hagu yana neman notin hannun bokis. Idan duka suka hau, tayarod ce da kaskon inji. A duba kuma kawunan sandunan lokacin da aksul ya sauka gaba ɗaya: idan ƙwallon ciki ya kai iyakarsa ya ƙage kafin shokozoba ta ƙare, to shi ne ke riƙe da nauyin aksul, kuma ba zai daɗe ba. Tiyon birki da furofela ma a nan ake ganin ko tsawonsu ya isa. Aikin yini ne cur, kuma mai mota ya kamata ya biya kuɗin yinin da daɗin rai.

8. Na ƙara ganye biyu saboda buhunan masara, sai guga ta dawo. Me ya haɗa su?

Idan sifirin yana saman aksul, duk ganyen da aka cusa yana shiga ne tsakanin aksul da babban ganye, ya ɗaga babban ganyen sama, alhali hannun nokul yana nan inda yake. Ganye biyu sun isa su cinye tazarar da aka bari. Shim ɗin kasta (bayaninta yana tambaya ta 11) ma haka yake yi, da dogon santabol (ƙusar da ta haɗe ganyayen a tsakiya) ko yubol (maɗaurin sifirin a kan aksul) da aka bar kansa a tsaye. Nauyin kaya yawanci a baya yake, don haka ƙarin ganye a gaba ba kasafai yake da amfani ba, sai mai winci da katon bamba. Idan dole ne, a yanke shawarar yawan ganye tun kafin a sayi hannuwan nokul, a kuma maimaita gwajin tambaya ta 7.

9. Sitiyari yana fizgewa a hannuna duk lokacin da na faɗa rami. Daga ina?

Daga gangarar diraglin. Kanta na ƙasa yana zagaye ne a kan na sama, don haka idan aksul ya hau ko ya sauka, kan yana matsawa gefe, ya ja tayoyi ba da izininka ba. Lissafin yana da sauƙi. Ɗauki sanda mai tsawon milimita 900. Idan a kwance take, aksul ya motsa milimita 50, kan zai matsa gefe da abin da bai kai milimita 2 ba. Idan kuwa kan ƙasa ya riga ya sauka da milimita 200, wannan motsin na 50 zai matsar da shi kusan milimita 10. A kan hannun nokul mai tsawon milimita 150, wannan ya kusa digiri 4 na juyawar taya. A gudun babbar hanya, digiri 4 ya isa ya fitar da kai daga layinka.

A mota mai ganye, maganin shi ne diraglin ta yi tsawo, ta kuma kwanta iya yiwuwa, ko ta ɗaga kan ƙasa kamar a tambaya ta 5, ko ta hannun bokis mai saukowa. Na fi son na farko, domin hannu mai saukowa sosai yana ƙara wa sandar cikin bokis nauyi, kuma yana kusantar sifirin hagu.

10. Tawa kwayil ce, Land Cruiser 80. Ai ba ni da wannan matsalar ko?

Kana da taka. Kwayil ba ya hana aksul zamewa gefe, don haka akwai wata sanda, fanhad, daga shasi zuwa aksul, tana tafiya kusa da diraglin. Ƙa'idar ita ce su biyun su zama kusan tsawo ɗaya, gangara ɗaya, kamar layin dogo. In haka ne, aksul da diraglin suna zagaye tare, taya ba ta jin komai. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a gyara ɗaya a bar ɗaya: a sa hannun bokis mai saukowa ba a saukar da mariƙin fanhad ba, ko a ɗaga kan diraglin ba a ɗaga na fanhad a aksul ba. Sai a haifar da fizgar da da babu ita. A ɗagin inci biyu, barin su yadda kamfani ya jera su ya fi.

Ɗagi yana kuma jan aksul zuwa hagu, saboda fanhad a shasin hagu take rataye. Kwayil sai ya yi ciki, ya goge shokozoba ko gidansa, taya ɗaya ta leƙo waje fiye da ɗaya. Fanhad mai zare da ake ƙara wa tsawo ita ke mayar da aksul tsakiya. A 80 tayarod a bayan aksul take, kusa da dogayen hannuwan da ke riƙe aksul, kuma idan aka murɗa aksul da yawa don gyara kasta tana iya taɓa su. A duba wannan wurin musamman.

11. Mota tana yawo a kan kwalta, sitiyari ba ya dawowa bayan kwana. Sandunan ne?

Galibi kasta ce. Ita ce ɗan kishingiɗar da layin juyawar nokul yake yi zuwa baya, kuma ita ke sa tayoyi su nemi miƙewa da kansu. A 80 kamfani ya ba ta wajen digiri 3. Ɗagi yana cinye ta, a mai kwayil saboda dogayen hannuwa sun murɗa aksul, a Land Cruiser mai ganye kuma saboda dogon shakul a gaba. Ana dawo da ita da bushin ko faranti na kasta a mai kwayil, da shim a mai ganye. Shim ya zama na ƙarfe, a ɗaure shi da santabol, domin na alminiyam yana fashewa ya zame.

A saita kasta kafin a auna sanduna. Murɗa aksul yana ɗaga hannuwan nokul ko ya saukar da su, duk awon da aka yi kafin nan ya tashi a banza.

12. Zan yi odar kayan daga waje. Me zan kiyaye?

Gefen sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake. Yawancin kayan Land Cruiser da Patrol masu kyau daga Ostireliya, Japan, Ingila da Afirka ta Kudu suke fitowa, kuma duk can sitiyari a dama yake. Hannun nokul mai rami biyu, da fanhad, da mariƙinta, da bokis, duk a juye za su zo maka. Na Amurka da na ƙasashen Larabawa su ne gefenmu. Haka idan kana tsintar na Beljiyam a kasuwar Oriapata ta Kaduna, ko ka aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, ka tafi da tsohon a hannu ka jera su.

Motar da aka shigo da ita da sitiyarin dama aka mayar hagu tana buƙatar kallo na musamman. A duba yadda aka ɗaure bokis, a kuma tabbatar an mayar da fanhad gefen da ya dace. Idan diraglin ta gangara ta wannan gefe, fanhad ta wancan, motar ba za ta taɓa natsuwa ba.

13. Ba za a iya haɗa sandunan a Panteka ba?

Za a iya, kuma a wannan kasuwar ƙarfe ta Kaduna akwai masu injin gurza ƙarfe da yanka zare da hannunsu ya faɗa sosai. Abin da ke kawo matsala shi ne ƙarfen da ake kai musu da kuma bayanin da ake ba su. Fayif ɗin ruwa mai ɗinki a ciki ba kayan sitiyari ba ne. Ana neman bututu marar ɗinki mai kaurin bango, irin wanda masu manyan tayoyi ke amfani da shi. A yanka zare kai tsaye a cikinsa, gefe ɗaya na dama ɗaya na hagu, don a iya saiti ba tare da cire kai ba. Kan ya shiga aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurinsa, a kulle da noti ko maɗauri. Kawunan tayarod na Land Cruiser 80, masu zaren milimita 23, su ne yawancin masu wannan aiki suke zaɓa, kuma samunsu ba ya wuya a nan. A sayi na asali, araha ba ta ado a wannan wurin.

Sai ramin da kan yake zama. Ramin yana tsukewa ne daga gefe ɗaya, daidai da tsinin kan, kuma wannan haɗuwar ita ke riƙe shi, noti jan sa kawai yake yi. Wanda ya huda ramin miƙe da diril don ya juyo da tayarod sama ya bar kan yana rawa, ramin ya yi ta faɗi har ƙarfen ya katse. Sai dai a gurje shi da abin gurza mai tsini iri ɗaya, ko a cusa ɗan bututu mai tsukewa da aka yi don haka. Hannuwan nokul kuwa, shawarata a sayo ƙerarru daga masu yin su, kada a yanko daga farantin da ba a san irin ƙarfensa ba.

Game da buɗaɗɗun kawuna masu ƙwallo a fili, irin na motocin tsere: ƙurar hunturu da lakar Agusta suna cinye su da wuri, don ba su da roba ba su da wurin giris. Kan tayarod na kamfani ya fi dacewa da ƙasarmu.

14. Notinan hannun nokul suna yawan kwancewa. Al'ada ce?

Sananniyar matsala ce a Toyota, kuma ba a wasa da ita. Sitod huɗu, wato ƙusoshi masu zare da aka dasa a jikin nokul, su ne ke riƙe hannun, kowanne da wosha mai tsini da ke cusa kanta cikin rami. Idan ɗaya ya saki, sauran suna karɓar duka har su katse. Littafin Toyota ya ba da awon ɗauri na 96 Nm, kuma da sifana mai awo ake yi, ba da fayif a kan sifana ba. Fuskar nokul da ta hannu su kasance a bushe, babu fenti babu giris. Hannu mai tudu yana ƙara musu nauyi, don haka a sa sababbin sitod, a sake ɗaure su bayan fitar farko, sannan duk lokacin juyen baƙin mai.

Tare da su a duba shasi a kewayen bokis. Manyan tayoyi suna tsaga shi a wurin, har a 80. A wanke lakar, wani ya riƙa kaɗa sitiyari mota na ƙasa, a kalli ko bokis yana motsi. Idan akwai tsaga, a yi walda a ƙara faranti, a sa bututu a cikin ramukan don kada ɗauri ya matse shasin.

15. Gaban motar yana karkarwa sosai idan na taka rami da gudu. In sa shokozobar sitiyari biyu?

Shokozobar sitiyari tana rage dukan da ke zuwa hannunka, amma ba ta warkar da karkarwa, ɓoye ta take yi har abin da ya saki ya ƙarasa lalacewa. A nemo sakin: bushin da notin fanhad, kawunan sanduna, boris ɗin nokul da na taya, yubol, bushin shakul, sannan kasta da balans ɗin taya. Idan an gyara, shokozoba ɗaya mai kyau ta isa. Ita ma tana cikin abubuwan da za a kalla a gwajin tambaya ta 7, domin mariƙinta yakan taɓa sifirin ko tulun aksul.

16. An gama ɗaurawa. Wane saiti ya rage kafin in hau hanya?

A fara da bokis. A ƙirga juyin sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe, a tsayar da shi a rabi, sannan a daidaita tsawon diraglin har tayoyi su miƙe. Ba a cire sitiyari a mayar don ya yi kyau a ido, in ba haka ba mota za ta fi kwana ta gefe ɗaya. Da tayarod ake saita bakin tayoyi: a auna da tef gaba da baya a tsayi ɗaya, gaba ya fi baya matsewa da milimita 2 zuwa 3. Sai notinan da ke tsayar da nokul a ƙarshen kwana, a fito da su yadda taya ba za ta goge sifirin ko dogon hannu ba, kuma su ne za su tsayar da juyi kafin sanda ta taɓa wani abu.

Idan mota tana jan taya a ƙasa lokacin kwana mai tsanani, a duba inda ramin tayarod ya faɗa a kan hannun nokul. Tayar ciki dole ta fi ta waje juyawa, kuma hakan yana samuwa ne idan layin da ya taso daga wurin juyawar nokul ya bi ta ramin ya nufi tsakiyar aksul ɗin baya. Shi ya sa hannun da aka yi don tayarod ta gaba ba ya aiki idan an juya shi baya.

Kowane noti mai tsaga ya samu fil ɗinsa, ba ƙusa ko waya ba. A yi gwajin farko a fili babu fasinja, a taka birki da ƙarfi, a bi ramuka a hankali, a dawo a shafa alli a saman ganye da jikin sanduna, a sake fita. Inda allin ya goge, nan ne sauran aikin yake.